Ilimin Zaman Jama'a: Mene ne Shi, Ina Ake Koyon Sa, Mene ne Amfaninsa?

Gabatarwa

Wataƙila irin wannan ya taɓa faruwa a gidanku ko a gidan maƙwabci. Yaro ya ci jarrabawar bak, an yi murna, mata sun yi guɗa. Sai ya ce zai tafi Yamai ya karanta "sosiyoloji" ko "jewografi". Uba ya yi shiru. Likita dai an san aikinsa. Malamin lakwal an san nasa, malamin gona ma haka. To, shi wannan, me zai iya idan ya gama? Ga kuɗin mota, ga na abinci, ga gona za ta rasa hannu guda har shekara uku ko fiye.

Tambayar uban tana bisa hanya. Wannan shafi zai bayyana muku abin da ake koyo a wannan fanni, da hanyar da ɗalibi daga Dogon Dutsi ko Tibiri yake bi kafin ya kai gare shi, da aikin da ake samu da shi, da wahalar da ke ciki. Ta haka, ranar da ɗanku ko ɗiyarku ta zo da maganar, za ku yanke shawara da sani.

Mene ne ilimin zaman jama'a?

Ilimin zaman jama'a shi ne nazarin yadda mutane suke zaune tare: yadda suke raba gona, yadda suke aure da gado, yadda suke saye da sayarwa, yadda suke naɗa shugaba, yadda suke saɓani da yadda suke shiryawa. Likita yana duba jikin mutum ɗaya. Mai wannan ilimi yana duba gari ne baki ɗaya, ya gano inda ke ciwo da abin da ya kawo ciwon.

Ba fanni ɗaya ba ne. Yana da rassa, kuma ga manyansu:

- Tarihi: abin da ya faru a da, da dalilinsa. Misali, yadda aka kafa Matankari, Bagaji da Lugu.
- Labarin ƙasa: dangantakar mutum da wurin zamansa. Me ya sa garuruwa suka jeru a bakin Dallol Mawri? Me ya sa ake lambu a fadama, ba a yi a kan fako?
- Ilimin zamantakewa: iyali, ƙungiyoyi, zaman maza da mata, zaman birni da ƙauye. Shi ne ake kira sosiyoloji.
- Ilimin al'adu: harshe, addini, bukukuwa, sarauta da sana'o'in gado.
- Tattalin arziki: farashi, bashi, kasuwa da haraji. Me ya sa tiyar hatsi take araha da kaka, ta yi tsada da damina?
- Ilimin ƙidayar jama'a: haihuwa, mutuwa, ƙaura da cin rani.
- Ilimin siyasa da dokoki: mulki, haƙƙin ɗan ƙasa da aikin hukuma.

A shekarun farko ɗalibi yakan ɗanɗana rassa da yawa. Mai karatun zamantakewa yana taɓa tarihi, tattalin arziki da lissafin ƙididdiga. Sai daga baya ya zurfafa a reshe guda.

Ina bambancinsa da hirar dandali?

Wani zai ce: "Ai duk waɗannan muna tattauna su a ƙofar gida bayan sallar la'asar." Gaskiya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bambancin yana ga hanyar da ake bi.

A ce a wani ƙauye famfo ya lalace sau uku cikin shekara biyu. Duk lokacin da ya lalace, makaniki ya zo ya gyara. A dandali kowa yana da nasa bayani. Wani ya ce yara ne ke wasa da shi, wani ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Mai bincike ba ya ɗaukar ko ɗaya daga ciki sai ya gwada. Ga matakan da yake bi:

1. Ya tsai da tambaya guda: me ya sa famfon ke daɗewa a lalace?
2. Ya ji ta bakin kowa: maigari, matan da ke ɗibar ruwa, makiyaya, mai riƙon asusu da makaniki. Yakan zauna da mata su kaɗai, domin akwai abin da ba za su faɗa a gaban maza ba.
3. Ya duba da idonsa. Ya wuni a bakin famfo, ya ƙidaya masu ɗiba da masu biya.
4. Ya duba takardu: littafin asusu da takardun sayen kayan gyara.
5. Ya kwatanta da wani ƙauye inda famfo bai cika lalacewa ba.
6. Ya rubuta abin da ya gano, tare da hujjarsa, yadda wani zai iya bin sawunsa ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Mai yiwuwa a ƙarshe a gano cewa ba ƙarfe ba ne matsalar. Wata unguwa ce ta daina biya, saboda ba a sa kowa nata cikin kwamitin ruwa ba. Irin wannan ciwo makaniki ba ya da maganinsa.

Daga ina ya samo asali?

Ba baƙon abu ba ne a ƙasashen Musulmi. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377. A ciki ya yi nazarin yadda dauloli ke tasowa da yadda suke faɗuwa, da zaman makiyaya da mutanen birni. A nan kusa da mu, Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, inda ya kawo labarin ƙasashen wannan yanki da mutanensu. A Turai kuwa, a ƙarni na 19 ne fannin ya samu suna da tsari, har ya shiga jami'o'i.

A Nijar, Bubu Hama, wanda ya rasu a 1982, ya tattara tarihin baka mai yawa ya mai da shi littattafai. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram, Djibo Hamani ya rubuta na Adar. A yau jami'ar Damagaram da ta Tawa suna ɗauke da sunayen waɗannan malamai biyu. A Yamai akwai cibiyar IRSH mai binciken tarihi da al'adu, da CELHTO mai adana tarihin baka, da LASDEL da aka kafa a 2001 domin nazarin yadda asibiti, kotu, lakwal da ayyukan raya ƙasa suke tafiya a zahiri.

Arewa a cikin littattafan masu bincike

Ku sani, ƙasarku tana cikin wuraren da aka yi wa rubuce-rubuce sosai. Wani Bafaranshe, Marc-Henri Piault, ya zauna da dattawan Arewa, ya buga littafin tarihin Mawri a 1970. Adeline Masquelier, malama a wata jami'ar Amurka, ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980. Ta buga littafi a 2001 a kan bori da Musulunci a garin, ta ƙara wani a 2009 a kan mata da sauye-sauyen addini.

Ga kuma labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Labarin ya zo mana ta hanyoyi dabam-dabam: rahoton sojojin Faransa, bakin dattawan Lugu da kewaye, littafin ƙagaggen labari da Abdoulaye Mamani ya buga a 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986. Waɗannan ba su faɗi abu ɗaya ba. Aikin ɗalibin tarihi shi ne ya jera su, ya tambaya: wa ya faɗa, yaushe, kuma da wace manufa? Ta haka ake rarrabe abin da ya faru da abin da aka ƙawata.

Abin lura: da yawa daga waɗannan littattafai da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su, kuma mutanen da aka yi maganarsu ba su karanta su ba. Ɗan Arewa da ya koyi wannan aiki yana da abin da baƙo bai da shi: harshe, dangi da sanin wuri. Amma shi ma sai ya yi hattara, domin ɗan gida yakan kau da ido daga abin da ya saba gani.

Hanyar da ɗalibi yake bi

- Firamare: shekara 6.
- Kwaleji: shekara 4, a ƙarshe jarrabawar BEPC.
- Lise: shekara 3, a ƙarshe jarrabawar bak. Masu son tarihi, labarin ƙasa da zamantakewa sun fi fitowa daga sashen A. Mai son tattalin arziki ko ƙididdiga yana bukatar lissafi mai ƙarfi, don haka sashen C ko D ya fi taimakonsa.
- Jami'a: shekara 3 a samu digiri na farko, wato lisans. A ƙara 2 a samu masta. A ƙara aƙalla 3 a zama dakta.

Ke nan, yaron da bai maimaita aji ko sau ɗaya ba zai yi shekara 16 daga shiga lakwal zuwa lisans.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Duk da haka, yawancin darussa da littattafan jami'a da Faransanci suke. Makamin wannan karatu shi ne karanta littafi mai kauri da rubuta bayani mai tsawo. Yaron da ba ya son karatun littafi zai wahala a nan, ko da ya ci bak.

Ina ake koyon sa?

*Dogon karatu, a jami'a:*

- Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, kimanin kilomita 275 daga Dogon Dutsi. Ta soma a 1971, kuma ita ce mafi daɗewa a ƙasa. Tana da sassan tarihi, labarin ƙasa, zamantakewa, tattalin arziki da shari'a.
- Jami'ar Damagaram, da aka kafa a 2010, tana koyar da labarin ƙasa da zamantakewa.
- Jami'ar Tawa, ita ma ta 2010, tana koyar da shari'a, tattalin arziki da ilimin koyarwa.
- Jami'ar Dosso, ta 2014, ita ce mafi kusa da ku, amma ta fi karkata ga fasahar zamani da sadarwa. Kada a ɗauka cewa kowace jami'a tana da kowane fanni.
- A tsallaken iyaka akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da aka kafa a 1975. A can da Ingilishi ake karatu, kuma tana da nata sharuɗɗan shiga.

*Gajeren karatu, mai kai wa ga sana'a:*

A Amurka akwai wasu kwalejoji na cikin gari, inda mutum yake karatun shekara 2 kusa da gida, da kuɗi kaɗan, sa'an nan ya kama aiki ko ya wuce jami'a. Har magidanta masu aiki da rana sukan shiga. A Nijar tsarin ba haka yake ba, amma akwai makarantun da suka yi kusa da wannan:

- IFAENF a Yamai, mai horar da ma'aikatan yaƙi da jahilci, irin waɗanda ke kula da cibiyarku.
- IPDR a Kollo, mai horar da malaman gona da masu aiki tare da ƙungiyoyin manoma.
- ENSP, makarantar aikin kiwon lafiya, wadda ke horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a.
- Makarantun horar da malaman firamare, kamar ta Dosso.
- Makarantu masu zaman kansu da ke shirya ɗalibai don takardar BTS cikin shekara 2.

Yawancin na gwamnati da gasar jarrabawa ake shigar su. Sharuɗɗan sukan canza, don haka a tambayi hukumar lise ko ofishin ilimi na gunduma kowace shekara. Game da masu zaman kansu kuwa, kafin ku biya ko dala, ku nemi a nuna muku shaidar cewa gwamnati ta amince da makarantar da kuma takardar da take bayarwa.

Kuɗi da wahalhalu

Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati ba shi ne babban nauyi ba. Nauyin yana ga zaman birni: ɗaki, abinci, mota, kwafin darussa, waya da magani. Hukumar ANAB tana ba wasu ɗalibai kuɗin tallafin karatu bisa sharuɗɗa, amma ba kowa ke samu ba, kuma yakan yi jinkiri. Kada iyali su dogara da shi kaɗai.

Ku kuma san cewa a manyan jami'o'i ajin shekarar farko yakan cika maƙil, malami bai san kowa da sunansa ba. Yajin aiki yakan sa shekarar karatu ta zarce lokacinta. Karatun shekara 3 yana iya cin 4. Ku yi lissafinku da wannan tun farko.

Game da ɗiya mace, abin da ya fi damun iyaye shi ne masauki. Maganinsa a shirya tun da wuri: a nemi ɗakin kwanan ɗalibai mata, ko gidan dangi amintattu. Idan akwai maganar aure, a tattauna batun karatun da dangin miji kafin ɗaurin aure, ba bayansa ba. Ana matuƙar bukatar mata a wannan aiki, domin akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, da maganar da mace ba ta faɗa wa kowa sai ƴar'uwarta mace.

Wane aiki ake samu?

- Koyar da tarihi da labarin ƙasa a kwaleji ko lise.
- Aiki a ma'aikatar magajin gari: tsara ayyukan raya karkara da rajistar haihuwa.
- Aiki da kwamitocin filaye, wato COFO, waɗanda suka samo asali daga dokar karkara ta 1993. Su ke rubuta shaidar gona, su shata burtali, su taimaka wajen hana rikicin manoma da makiyaya.
- Aikin ƙidaya da bincike tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS. An ƙidaya jama'ar Nijar a 1977, 1988, 2001 da 2012, kuma a ta 2012 an samu mutum sama da miliyan 17. Da irin waɗannan alƙaluma ake sanin inda za a gina aji ko asibiti.
- Aiki da ƙungiyoyin raya ƙasa, bankunan hatsi da asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda ya soma a jihar Maraɗi a 1991.
- Aikin jarida da gidajen rediyon karkara.

Ga misalin amfanin aikin. Dattawa suna tuna yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, kuma da yawanku kun ga matsalar abinci ta 2005. Binciken da aka yi bayan 2005 ya nuna cewa ba ƙarancin ruwa da fara kaɗai suka jawo ta ba. Tsadar hatsi a kasuwa, faɗuwar farashin dabbobi da bashin da ya yi wa talaka katutu duk sun taka rawa. Sanin haka yana canza irin taimakon da ya kamata a shirya.

Amma a faɗi gaskiya: takardar lisans ba alkawarin aiki ba ce. Zamanin da gwamnati ke ɗaukar duk wanda ya gama ya wuce. Da yawa sukan soma da hidimar ƙasa, ko koyarwa ta kwantaragi, ko aikin bincike na ƴan makonni. Waɗanda suka fi saurin samun abin yi su ne masu haɗa takarda da wata ƙwarewa: aiki da kwamfuta, lissafin ƙididdiga, rubuta rahoto mai tsabta, rubuta Hausa daidai, da jin Zabarmanci, Fulatanci ko Ingilishi.

Kafin ku yanke shawara

Ku zauna da yaron, ku tambaye shi:

1. Wane reshe kake so, kuma me ya sa?
2. Kai ka zaɓa, ko abokai kake bi?
3. Wa ka sani da ya yi wannan karatu, kuma me yake yi yanzu?
4. Ina za ka sauka, kuma nawa za a kashe a wata?
5. Idan tallafi bai fito ba, mene ne shirinmu?
6. Ko gajeren karatu zai fi dacewa da ƙarfin gidanmu?

Idan ya amsa da natsuwa, alama ce mai kyau. Idan bai sani ba, ku je tare wurin malamansa na lise. Matambayi ba ya ɓata. Kuma kada a sayar da gona saboda karatu. Dabba tana mayuwa, gona kuwa da wuya.

Idan mai bincike ya zo ƙofarku

Ko babu ɗalibi a gidanku, wata rana za ku ga wani da takarda ko waya a hannu yana tambayoyi. Ku san haƙƙinku:

- Ku tambaye shi sunansa, wanda ya aiko shi, da abin da za a yi da amsoshin.
- Ku tabbatar hukuma da maigari sun san da zuwansa.
- In ba ƙidayar jama'a ta gwamnati ba ce, kuna da ikon ƙin amsawa, ko ku tsaya a tsakiya.
- Kuna da ikon cewa kada a rubuta sunanku, kada a ɗauki hotonku ko muryarku.
- Mai bincike na gaskiya ba ya karɓar kuɗi, ba ya kuma alkawarin rabon kaya.
- Idan kun yarda ku amsa, ku faɗi gaskiya. Wanda ya ɓoye yawan iyalinsa don tsoron haraji, ko ya ƙara don kwaɗayin taimako, garinsu ya cuta, domin da lissafin ƙarya za a yi musu shiri.
- Ku nemi a dawo a gaya muku abin da aka gano.

Abin da ku ma za ku iya yi

Tunda kun iya karatu da rubutu, kun riga kun riƙe kayan aikin farko. Ku sayi ƙaramin littafi. Kowace ranar kasuwa ku rubuta farashin tiyar hatsi, dawa da wake. Bayan shekara guda za ku ga watan da ya fi dacewa a saya da wanda ya fi dacewa a sayar, kuma bankin hatsinku zai amfana. Ku rubuta yawan samarin da suka tafi cin rani bana, inda suka nufa, da watan da suka dawo. Ku zauna da tsofaffin gidanku, maza da mata, ku rubuta sunayen kakanni, iyakokin gonaki da sunayen shekarun yunwa, tare da ranar da aka gaya muku da wanda ya faɗa. Ranar da ɗalibinku ya dawo hutu yana neman abin da zai yi bincike a kai, littafin nan naku ne zai fara buɗewa.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Ku kawo rassa huɗu na ilimin zaman jama'a, da misalin kowane daga garinku.
2. Wace matsala ce a garinku aka sha gyarawa tana dawowa? Su wa ya kamata a ji ta bakinsu?
3. Shekara nawa ake yi daga shiga lakwal zuwa lisans?
4. Me ke hana ɗiya mata a garinku wuce kwaleji? Wanne daga ciki iyaye za su iya magancewa?
5. Me za ku tambayi mai bincike kafin ku amsa masa?